Kana sayar da rufaffiyar manhaja? Ga yadda za ka yi hulɗa da masu buɗaɗɗiya

Duk kamfanin da ke rubuta manhajar intanet yana sayarwa, ta makaranta ce ko ta asibiti ko ta kanti, a kan gumin wasu yake tsaye. Kod ɗinsa, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, a kulle yake, wannan haƙƙinsa ne. Amma in ka leƙa ƙarƙashi za ka tarar da buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda kowa ke iya ganin kod ɗinsu ya ɗauka, irin su PHP ko Node.js, da React ko jQuery, da OpenSSL mai tsare kalmar sirrin duk wanda ya shiga. Ita kanta burauzar da abokin ciniki zai buɗe shafin da ita, galibi a kan Chromium ko WebKit aka gina ta. Ni ma sana'ata ke nan: manhajar rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa muke sayar wa makarantu, kuma ba ma ba kowa kod ɗinmu. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne yadda irinmu ya kamata su yi mu'amala da waɗancan ayyuka da ke buɗe ga kowa. Yawancinsa daga bin labarin manyan kamfanoni na tsinto shi, inda suka dace da inda suka yi tuntuɓe.

Ka fara da lasisi, tun kafin ka saukar da komai. Na san ba a son karanta shi, amma waɗanda za ka fi cin karo da su ba su da yawa. MIT da BSD sun yarda ka saka kod ɗinsu cikin abin da kake sayarwa ka kulle, sharaɗin kawai ka bar sunan masu shi da rubutun lasisin a ciki. Apache 2.0 ma haka, sai dai ya ƙara da alkawarin cewa waɗanda suka ba da gudunmawa ba za su kai ka kotu kan haƙƙin ƙirƙira da ya shafi gudunmawar tasu ba. GPL kuwa daban yake: in ka gina abinka a kansa ka miƙa wa wani, dole ka ba shi kod ɗin ƙarƙashin lasisi iri ɗaya. Ka lura, ɗora manhaja a kwamfutar makarantar da ta saya miƙawa ce. Shi kuma AGPL ya toshe ƙofar da wasu ke bi: in ka sauya kod ɗin, ko da a sabarka (kwamfutar da ke ɗauke da shafinka) kaɗai yake aiki mutane na amfani da shi ta intanet, suna da haƙƙin su samu kod ɗin da ka sauya. Ka buɗe takarda ɗaya a kamfaninku da ke ɗauke da sunan kowane abu da kuka ɗauko da lasisinsa, a riƙa sabunta ta.

Kada ka ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Facebook ya saki React, kayan aikin gina fuskar shafi, a 2013, daga baya ya haɗa shi da wani sharaɗi: duk wanda ya kai Facebook ƙara kan haƙƙin ƙirƙira zai rasa izinin da aka ba shi ta wannan fuska. A watan Yulin 2017 Gidauniyar Apache, mai kula da buɗaɗɗun manhajoji da dama, ta hana ayyukanta amfani da kod mai irin wannan lasisin. A watan Satumba Matt Mullenweg, jagoran manhajar gina shafuka ta WordPress, ya sanar cewa WordPress zai bar React ya nemi wani. Cikin 'yan kwanaki Facebook ya sauya lasisin zuwa MIT. Sakin layi ɗaya na lauyoyi ya kusa raba React da ɗaya daga cikin manyan masu amfani da shi.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Wata rana za ka tarar da matsala a cikin kod ɗin da ka ɗauko. Abin da zuciya za ta raya maka shi ne ka gyara a kwafin da ke hannunka, ka yi shiru, aiki ya ci gaba. Ranar farko da daɗi. Amma masu aikin ba su san da gyaranka ba, za su ci gaba da fitar da sabon zubi, kuma duk fitowa sai ka sake manna facinka da hannu. Bayan shekara biyu kwafinka ya yi nisa da na asali, sabuntawa ta zama abin tsoro, sai ka daina. Ranar da aka gano wata ɓarakar tsaro aka toshe ta a can, kai kana nan da tsohon zubi a buɗe, da bayanan 'ya'yan mutane a ciki. Saboda haka gyaran da bai shafi sirrin kasuwancinka ba, ka mayar da shi inda ka ɗauko kod ɗin. In sun karɓa, nauyin kula da shi ya sauka daga kanka.

Sai dai yadda ake mayarwa ma yana da nasa ladabi, kuma Apple ne ya bar mana darasin. Lokacin da ya fitar da burauzarsa Safari a watan Janairun 2003, injin burauzar daga KHTML ya samo shi, aikin 'yan sa-kai na ƙungiyar KDE mai rubuta buɗaɗɗiyar manhaja. Apple bai karya lasisi ba, yana fitar da sauye-sauyensa. Amma yana fitar da su ne a dunƙule, tuli guda, ba tare da tarihin da ke nuna wane gyara aka yi don wace matsala ba. A 2005 masu KHTML suka fito fili suka ce haɗa wannan tulin da nasu aikin ya zame musu wahala. A watan Yunin shekarar Apple ya buɗe rumbun kod ɗin WebKit, wato injin na Safari, da wurin kai rahoton matsaloli ga kowa. Daga nan abin ya bunƙasa, har Google ya gina Chrome a kansa a 2008 kafin ya balle da nasa injin Blink a 2013. Cika sharaɗin lasisi abu ɗaya ne, ba mutane abin da za su iya amfani da shi wani abu ne dabam.

To, ga yadda nake yi. Kafin na rubuta ko layi ɗaya, nakan karanta fayil ɗin CONTRIBUTING da ke rumbun aikin, sannan na bincika ko wani ya riga ya kai ƙorafin. In ba kowa, sai na buɗe rahoto, na faɗi abin da na yi, abin da na zata zai faru, da abin da ya faru. Misalin da na fi haɗuwa da shi shi ne na haruffanmu masu lanƙwasa. Akwai ƙananan manhajoji da ke mayar da suna ya zama adireshin shafi, wasunsu ba su san ɗ da ƙ da ɓ ba, sai su share su gaba ɗaya. Ɗanladi ya koma anladi. Mai kula da aikin da ke zaune a Jamus ko Barazil bai taɓa ganin harafin ba, don haka rubuta masa cewa Hausa ba ta aiki ba zai taimake shi ba. Ka ba shi lambobin Unicode: ƙ ita ce U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, babbar Ɗ kuma U+018A. Ka rubuta layi uku na kod da ke nuna matsalar, wanda zai iya gwadawa nan take. Ka tambaye shi ko yana son ka aiko da gyara, kuma ta wace hanya. Sunayen da za ka saka a misali su zama na ƙirƙira. Kada bayanan abokin cinikinka ko kod ɗin kamfaninku su shiga rahoton da duniya za ta karanta.

In ya ce ka aiko, gyara ɗaya don matsala ɗaya. Kada ka haɗa da sake tsara fayil ɗinsu don ya yi daidai da salonka. Ka bi nasu salon ko da ba ya burge ka, ka haɗa da gwajin da ke faɗuwa kafin gyaran ya kuma wuce bayansa. Sannan ka yi haƙuri. Da yawa daga masu kula da waɗannan ayyuka da dare suke dubawa bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Babu abin da ke ɓata sunan kamfani a wurinsu kamar ma'aikaci ya shigo yana cewa abokin cinikinmu na jira, yaushe za ku gyara. Ba ka biya su ba, kuma lasisin da ka yarda da shi ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa babu wani garanti. In mako biyu ya wuce shiru, tuntuɓa ɗaya cikin ladabi ta isa. In sun ƙi gyaran, ka nemi dalili, sau da yawa suna hango wani abu da zai karye wa wasu masu amfani da ba ka san da su ba.

Matsalar tsaro ba a kai ta bainar jama'a. Ka nemi fayil ɗin SECURITY ko adireshin da suka ware, ka aika a asirce, ka ba su lokaci.

Akwai wata takarda da kan ba mutane mamaki. Wasu ayyukan, kamar na Google da na Apache, sukan nemi ka sa hannu a yarjejeniyar mai ba da gudunmawa. Wasu kuma layin Signed-off-by kawai suke so a ƙarshen bayanin gyaranka, wanda ke nufin ka shaida kana da ikon ba da wannan kod. A nan gizo ke saƙa: abin da ma'aikaci ya rubuta a lokacin aiki, a mafi yawan kwantiragi, na kamfani ne. Idan kai ma'aikaci ne, ka samu izinin maigidanka a rubuce. Idan kai ne mai kamfanin, ka rubuta ƙa'ida gajera da ke cewa gyaran matsala a kod ɗin waje an yarda a mayar da shi ba sai an tambaya ba, abin da ya taɓa ainihin hajarku kuma sai an zauna.

Sai maganar kuɗi. Buɗaɗɗiyar manhaja kamar rijiyar unguwa ce, kowa na ɗiba, amma ranar yasa ba a ganin mutane. A watan Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, wadda ke iya fallasa kalmomin sirri daga sabobi masu ɗimbin yawa. A lokacin ne duniya ta ji cewa kyautar kuɗin da aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Bayan abin ya faru ne Gidauniyar Linux ta haɗa kan kamfanoni irin su Amazon da Google da Microsoft da Facebook, kowanne ya yi alkawarin dala 100,000 a shekara har shekara uku don tallafa wa irin waɗannan ayyuka. Abin ya yi kyau, amma ya zo a makare, kuma wannan na ba ni haushi har yau.

Salon da ya fi burge ni shi ne na Bloomberg. Kamfanin bayanan kuɗi ne, manhajarsa a rufe take ruf. Yana buƙatar hanya mai kyau ta tsara shafi gida-gida, maimakon ya ƙera tasa a ɓoye sai ya biya Igalia, wani kamfani na ƙasar Sifen mallakar ma'aikatansa, su rubuta wannan hanyar, mai suna CSS Grid, a cikin Blink da WebKit. A 2017 abin ya iso manyan burauzoji, yau duk mai gina shafi yana cin moriyarsa. Bloomberg ya samu abin da yake so, kuma ba shi kaɗai ke ɗauke da nauyin kula da shi ba. Microsoft ma, wanda shugabansa na wancan lokacin, Steve Ballmer, ya taɓa kiran buɗaɗɗiyar manhajar Linux cutar daji a 2001, ya sanar a ƙarshen 2018 cewa zai gina burauzarsa Edge a kan Chromium, buɗaɗɗen tushen Chrome na Google, injiniyoyinsa suka shiga gyara abubuwa irin su tallafin masu buƙata ta musamman a cikin rumbun da kowa ke ɗiba. Ni dai ban ji daɗin raguwar injinan burauza ba, domin hakan ya ƙara wa Google ƙarfi fiye da kima, amma ta fuskar yadda ake shiga aikin wasu a bi ƙa'idarsu, sun yi abin koyi.

Ƙaramin kamfani a Kano ko Maraɗi ba shi da dalar da zai aika duk wata, na sani. Amma yana da abin da masu aikin ba su da shi. Kuna da wayoyi masu ƙaramin ƙarfi da intanet mai yankewa, ku gwada sabon zubinsu kafin ya fita ku gaya musu inda ya maƙale. Kuna da harshe: WordPress na da dandalin fassara, Mozilla na da Pontoon, kowa na iya shiga. Ku ware wa ma'aikaci ɗaya yammacin rana ɗaya a mako don wannan, a lissafa shi cikin lokacin aiki, kada ya zama abin da zai yi a gida bayan isha'i.

Wata rana ku ma za ku so ku buɗe wani ɓangare na kod ɗinku. Ku zaɓi abin da ba shi ne tushen cinikinku ba, ku kuma faɗi gaskiya kan iyakarsa. Microsoft ya saki kod ɗin Visual Studio Code, manhajarsa ta rubuta kod, ƙarƙashin MIT, amma manhajar da ake saukewa daga shafinsa tana da lasisin kamfanin da wasu ƙarin abubuwa, kuma an bayyana hakan a fili. Abin da mutane ba sa yafewa shi ne a gayyace su aiki sannan a hana su faɗa a ji. Kamfanin Joyent ya riƙe ragamar Node.js har manyan masu ba da gudunmawa suka gaji da jinkiri suka balle da nasu kwafin mai suna io.js a ƙarshen 2014. Sai da aka kafa gidauniya mai zaman kanta a 2015 aka sake haɗewa. Haka kuma sauya lasisi bayan jama'a sun zuba ƙarfinsu: kamfanin Elastic ya yi a 2021, Amazon ya balle da nasa kwafin mai suna OpenSearch. Kamfanin Redis ya yi a 2024, aka balle da kwafi mai suna Valkey ƙarƙashin Gidauniyar Linux. Don haka tun ranar farko ku zauna ku yanke lasisin da za ku iya rayuwa da shi ko da abokin hamayyarku ya ɗauki kod ɗin yana cin kasuwa da shi. Ku rubuta wa ke da ikon karɓar gyara, ku sa sunan mutum ɗaya da zai riƙa amsa rahotanni. In ba ku da wanda zai yi wannan, ku rubuta a saman shafin cewa an saki kod ɗin yadda yake, ba mai kula da shi.