Yadda za ka yanke shawara idan riƙe sirri ya ci karo da gaskiya a wurin aiki

Ma'aikacin ofishin albashi yana duba takardar biyan wata, sai ya ga sunayen mutanen da ba su taɓa zuwa aiki ba, kuma albashinsu duka asusun banki ɗaya yake shiga. Shugaban sashen, wanda shi ne ya yi masa hanyar aikin tun farko, ya kira shi gefe ya ce: "Wannan magana ta tsaya tsakaninmu." Ga sirrin ofis, ga halaccin ubangida, ga kuma dukiyar jama'a tana zurarewa.

Kafin komai, raba abin da ka gani da idonka da abin da kake zato. Ɗauki takarda ka rubuta sunayen, da watannin, da adadin kuɗin. Suna a takardar albashi ba tare da mai shi a ofis ba yana iya zama na wanda ya tafi ƙaro karatu ko aka yi wa canjin wurin aiki. Amma sunaye biyar a asusu ɗaya, wannan yana neman bayani. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa: su kai ƙara da zato, a gano kuskure ɗaya a ciki, sai a yi watsi da maganar gaba ɗaya.

Sai ka tambayi kanka: wannan sirrin, wa yake karewa? Akwai sirrin da ke kare mutum, kamar sakamakon gwajin mara lafiya, akwai kuma wanda aikinsa kawai rufe ɓarna. Ba ɗaya suke ba. Idan surukin mara lafiya ya matsa wa ma'aikaciyar jinya ta gaya masa abin da gwaji ya nuna, amsar ita ce a'a. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ya hana bayyanawa sai da dalilai ƙididdigaggu, kamar rubutaccen izinin mai shi, ko umarnin kotu, ko in yin shiru zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Satar albashi kuwa ba ta da irin wannan kariya.

Daga nan sai ka auna maganar da ma'aunai uku na masana ɗa'a. Immanuel Kant, masanin falsafa na Jamus, ya ce ka duba ko za ka yarda ƙa'idar da kake bi ta zama ta kowa. In duk akawu zai rufa wa ubangidansa asiri idan ya ci kuɗi, binciken kuɗi ya tashi daga aiki. Jeremy Bentham da John Stuart Mill na Ingila su kuma sakamako suke dubawa: wane zaɓi ne ya fi amfanar mutane, ya fi rage cuta? Wannan ma'auni yana da tarko. Zuciya takan lissafa waɗanda take gani, wato ubangidanka da iyalinsa da kai kanka, ta manta da waɗanda ba sa ɗakin, kamar malamin firamaren da aka ce babu kuɗin biyansa. Sa su cikin lissafin da gangan. Ma'auni na uku na Aristotle ne, kuma halin mutum yake dubawa: me mutumin kirki zai yi? Ba zai yi shirun tsoro ba, ba kuma zai yi tonon silili don huce haushi ba.

A fikihu ma hanyar a buɗe take. Amana wajibi ce, amma babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton laifin mutum ba ya zama giba, cikinsu har da kai kuka ga mai iko da neman taimako don kawar da ɓarna. Lura da sharaɗin: ga wanda zai iya gyarawa ake faɗa, ba a majalisar ƙofar gida ba. A ganina halacci na gaskiya ga ubangidan nan shi ne ka fara gaya masa a fuskarsa cewa ba za ka sa hannu a takardar ba.

In bai janye ba, bi matakai daga ciki zuwa waje, kamar yadda masanin ɗa'ar kasuwanci Richard De George ya tsara: tabbatar ɓarnar babba ce, sanar da na sama, ƙure hanyoyin cikin gida, sannan ka fita da hujja a hannu. A ma'aikatun gwamnatin tarayya akwai sashen binciken kuɗi na cikin gida, da yawansu kuma suna da rukunin yaƙi da cin hanci da ake kira ACTU, wanda ke aiki da hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC. Kai ƙorafinka a rubuce, da kwanan wata, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Kada ka ɗauke ainihin fayil daga ofis, kada ka shiga kwamfutar da ba a ba ka izini ba, kada kuma ka watsa takardu a Facebook ko WhatsApp, don akwai bayanan mutanen da ba su ji ba su gani ba a ciki, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 tana iya hawa kanka.

A watan Disamba na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ƙaddamar da tsarin kwarmata bayanai, da ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Tsarin gwamnati ne, ba dokar Majalisa ba, saboda haka kada ka ɗauka shi kaɗai zai hana a yi maka canjin wurin aiki na ramuwa ko a danne maka ƙarin girma. Je ka ga lauya ko wakilin ƙungiyar ƙwadago tukuna, kuma ka ajiye kwafin duk wasiƙar da ka aika a wani wuri da ba ofis ba.