Yarjejeniyoyin biliyoyin kamfanonin magani: inda aka fi tuntuɓe wajen fahimtarsu

Da wuya wata ya ƙare ba a ji cewa wasu kamfanonin magani biyu sun ƙulla yarjejeniyar dala biliyan kaza ba. Labarin yakan iso Garwa da Marwa da Injamena da Faransanci, wani ya juya shi zuwa Hausa a rediyo ko a WhatsApp, kafin la'asar ya koma "an gano maganin cutar kansa". Masu famasi da ma'aikatan asibiti da 'yan jarida su ne jama'a ke tara da tambaya, don haka su ya fi kamata su san wuraren da ake zamewa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar babban adadin da ke kanun labari a matsayin kuɗin da aka ƙirga aka miƙa. A watan Oktoba na 2023, kamfanin Merck na Amurka da Daiichi Sankyo na Japan suka haɗa hannu kan magungunan kansa guda uku, aka yi ta yayata dala biliyan 22. Abin da Merck ya biya nan take biliyan 4 ne, da alkawarin ƙara biliyan 1.5 cikin shekara biyu. Sauran biliyan 16.5 an rataye su ne a kan ciniki: sai maganin ya shiga kasuwa, ya kai wani adadi na sayarwa, sannan a biya kaso kaso. Kamar sadaki ne, akwai lakadan akwai ajalan, sai dai ajalan ɗin nan ba bashi ba ne. Idan maganin bai yi kasuwa ba, babu mai bin wani ko sisi. Haka aka yi a Yunin 2025 tsakanin Bristol Myers Squibb da BioNTech na Jamus: an ambaci sama da biliyan 11, kuɗin hannu kuwa biliyan 1.5. Gyaran mai sauƙi ne. Kafin ka karanta labarin a rediyo ko ka tura wa wani, nemo adadin da aka biya a take, ka faɗe shi tare da babban. Shi ne ke nuna iya yardar da mai saye ya yi da hajar.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne zaton cewa tunda an sa hannu, magani ya samu. Galibin waɗannan yarjejeniyoyi ana ƙulla su ne tun maganin yana matakin gwaji, kuma cikin magunguna goma da aka fara gwadawa a jikin mutane, kusan ɗaya ne ke kaiwa ga samun izinin sayarwa. Ɗaya daga cikin ukun nan na Merck da Daiichi Sankyo, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi a Yunin 2024 saboda matsalar da ta gani a masana'antar da ke sarrafa shi, kuma a Mayun 2025 kamfanonin da kansu suka janye takardar neman izinin. A 2019 kamfanin Gilead ya zuba kimanin dala biliyan 5 a Galapagos na Beljiyam. Shekara guda bayan haka hukumar ta ƙi ba maganin ciwon gaɓoɓinsu filgotinib izini, Gilead ya haƙura da shi a kasuwar Amurka.

A nan ne abin yake shafar mu kai tsaye. A wani famasi a Garwa, wani dattijo ya miƙo wayarsa ta saman kanta, hannunsa na rawa, hoton wani kwali ne da saƙon murya a ƙasa. Matarsa ce ke fama da ciwon nono. "Yaro, duba mini wannan, an ce Turawa sun biya biliyoyi a kansa, akwai wanda zai kawo mini daga Kusiri." Mai famasin ya daɗe yana duban sunan, sannan ya ce, "Baba, wannan ko a ƙasar da ake yin sa ba a fara sayarwa ba. Duk wanda ya ce yana da shi, ba shi ba ne." Da bai samu wanda ya san haka ba, da kuɗin shanunsa sun tafi a kan ruwan da ba a san ko mene ne ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci, kuma masu wannan sana'a suna bin labarai fiye da yadda muke zato. Tambayar da za a yi kullum ita ce: maganin yana mataki na nawa a gwaji, kuma wace hukuma ce ta ba shi izini?

Akwai kuma rikita saye da lasisi. Lokacin da Pfizer ya biya dala biliyan 43 a 2023, kamfanin Seagen ɗungurungum ya saya, da ma'aikata da duk abin da ya mallaka. Amma yarjejeniyarsa da 3SBio na ƙasar Sin a 2025 izini ne kawai na haɓakawa da sayar da magani guda a wajen Sin. Kamfanin na nan a hannun masu shi.

Maganar "a wajen Sin" ta kawo mu ga abin da kusan ba a taɓa dubawa ba, wato taswira. Kowane lasisi yana da iyakar ƙasashen da ya shafa. A Disambar 2022 Summit na Amurka ya karɓi lasisin wani maganin kansa daga Akeso na Sin, dala miliyan 500 a hannu, jimilla tana iya kaiwa biliyan 5. Ƙasashen da aka lissafa su ne Amurka da Kanada da Turai da Japan. Afirka ba ta ciki sam, sai a Yunin 2024 aka ƙara ta tare da Gabas ta Tsakiya da Latin Amurka. Ko an ambaci Afirka ma, tafiya ba ta ƙare ba: dole a yi wa maganin rajista a ma'aikatar lafiya ta kowace ƙasa, sannan a samu mai shigo da shi, ko cibiyar sayo magunguna ta ƙasa, wato CENAME a Kamaru ko CPA a Chadi, ko dillalai masu lasisi. Kamfani yana iya riƙe haƙƙin mallakarsa a ƙasashenmu ta hannun OAPI, hukumar rajistar haƙƙin mallakar fasaha, wadda hedikwatarta ke Yawunde kuma Kamaru da Chadi duk mambobinta ne, ba tare da ya taɓa aiko ko kwali ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake barin yarjejeniyoyin da suka taɓa gidajenmu suna wucewa ba a kula ba, don kawai ba su da adadi mai girgiza kunne. A ranar 22 ga Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro, RTS,S, cikin alluran yara na yau da kullum, kyauta, allura huɗu daga wata shida. Chadi ta bi baya a ƙarshen shekarar. Kamfanin GSK ne ya samar da RTS,S tare da ƙungiyar PATH, kuma tun 2021 ya amince ya miƙa fasahar sarrafa shi ga Bharat Biotech na Indiya. A 2025 suka sanar cewa farashin kowace allura zai sauko ƙasa da dala 5 nan da 2028. Ɗayan rigakafin, R21, haɗin gwiwa ne tsakanin Jami'ar Oxford da Serum Institute na Indiya, da wani sinadari na kamfanin Novavax. Uwar da ke layi da goyo a asibitin unguwa a Marwa, waɗannan takardun ne suka kawo allurar da za a yi wa ɗanta.

Haka dolutegravir, wanda yau shi ne ginshiƙin maganin masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a yankinmu, ya yi araha ne saboda kamfanin ViiV mai shi ya ba Medicines Patent Pool, ƙungiyar da ke raba izinin yin magani ga wasu kamfanoni, lasisi a 2014, kamfanoni da yawa suka shiga yin sa. A Oktoban 2024 Gilead ya ba kamfanoni shida, ciki har da Eva Pharma na Masar, izinin yin lenacapavir, allurar kariya daga cutar da ake yi sau biyu a shekara, don ƙasashe 120. A Amurka kuɗinta ya haura dala 28,000 a shekara. A Satumban 2025 aka sanar da farashin dala 40 a shekara daga kamfanonin Indiya.

A nan ma kada a yi gaggawa a ce wa mutane ta iso. Farashin dala 40 ɗin an ce daga 2027 zai fara, kuma sai ƙasa ta yi mata rajista, ta sa ta cikin shirinta, an samu mai biya, an koya wa ma'aikata. Wanda aka tambaya a kan kanta ko a filin kiran waya na rediyo, ya ce an ba da lasisi, ya faɗi shekarar da ake sa ran fitowa, sannan ya tura mai tambaya cibiyar kula da masu cutar da ke asibitin yankinsa, inda za a fara sanin ranar da ta sauka.