Shawara ga mai tuƙa doguwar hanya shi kaɗai

Ka auna iskar tayoyinka da sassafe, kafin motar ta yi nisa. In ka hau hanya, kada ka yarda a rage maka ita.

Dalili shi ne taya na ɗaukar zafi da tafiya, iskar ciki ta kumbura. Awon da za a yi maka da azahar ya fi na asuba.

Ɗauki hanyar Kano zuwa Maiduguri, fiye da kilomita 500. Ka wuce Wudil da sanyin safe, gonakin gero da dawa hagu da dama. Daga Azare ƙasa ta fara buɗewa, sai kuka da aduwa jefi-jefi, kwalta na walƙiya kamar an zuba ruwa. Ka tsaya Potiskum, mai faci ya ɗora ma'auni ya ce, "Alhaji, iska ta yi yawa." Ka ce ya bar ta. In ya rage, tayar za ta yi laushi idan ta huce, ta sha maka mai, ta kuma cinye ta gefe.

Adadin da ya dace yawanci yana manne a jikin ƙofar direba. Ka duba safaya ma, tunda ba ka da abokin tafiya.

Amma fa in taya ɗaya ce ke sauka, ƙusa ce ko bawul, tsaya a duba nan take. Tsohuwar taya mai tsattsagewa kuwa, awo ba ya cetonta, canza ta kafin ka tashi.