Yadda ake auna hayaniyar lantarki a wayoyin DC

Tun da dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Ghana, ya tura mutane ga sola da inbata, samari da yawa a Nima da Mamobi a Accra suke haɗa caja da na'urar rage wuta da hannunsu. Kusan duk a wuri ɗaya suke tuntuɓe: wurin auna hayaniyar lantarki, wato sigina maras amfani da kayan ke zubawa a waya, su ɗauko iyakar hayaniyar da aka yanka wa wutar soket, su ɗora wa wayar DC, mai ɗauke da wuta irin ta batir.

Kafin ka kunna na'urar awo, wadda ke zana ƙarfin hayaniyar a matsayin layi a fuskarta, san inda wayar za ta, don shi ke nuna ƙa'idar da za ka bi. In adafta ce ke ba kayanka wuta, a gefen soket za ka auna, tana haɗe da kayan. Dokar FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, ma haka ta ce. In kayan na mota ne, bi ƙa'idar CISPR 25, daga 150 kHz har 108 MHz. In kuwa wayar za ta shiga layin DC na gini, ko ta wuce mita 30, ƙa'idar IEC 61000-6-3 ce taka: iyakar ƙololuwar hayaniya dBµV (ma'aunin ƙarfinta) 79 daga 150 zuwa 500 kHz, 73 daga nan zuwa 30 MHz, iyakar matsakaicinta kuma 66 da 60.

Sai LISN, akwatin da ke shiga tsakanin batir da kayan, a bakinsa ake jona na'urar awo. Na mota mai 5 µH ne, na soket 50 µH. Aron wanda bai dace ba ɓata yini ne kawai.

Ga inda nake so ka natsu. Masu koyo sukan auna jar waya, su ga layi ya kwanta, su tashi da murna, wai baƙar ai ta ƙasa ce. A irin wannan mita ta kHz da MHz baƙar waya mai tsawo ba ta da maraba da jar, hayaniya na bin ta, wani lokaci ma ta fi yawa a can. Auna kowace daban, bakin da ba ka aunawa ka toshe shi da om 50. Ɗaure akwatin a jikin farantin ƙarfe da gajeren ƙarfe mai faɗi, ba siririyar waya mai lilo ba. Ni da batir nake ba da wuta, don caja mai arha tana zuwa da tata hayaniyar, ka yi ta zargin kayanka a banza. Sa abin kariya a bakin na'urar awo ma, gyaranta ya fi kuɗin duk abin da ke kan teburin.

Ɗora cikakken lodi, ka sake da kaɗan. In layi ya haura iyaka, matso da kafasita bakin shigar wuta, ka ƙara zoben farait, wanda ake zura waya a ciki don ya rage hayaniya, ana samu a Zongo Lane a Accra, sannan ka sake awo.