Yadda na kori 'yan damfara daga ma'ajiyar shafukana

Ina gudanar da wata 'yar ma'ajiyar shafukan intanet, irin aikin Wayback Machine dai amma tawa ƙarama ce, ka saka link mu ajiye maka kwafi. To ashe 'yan damfara sun gano wajen, sai su ajiye shafin banki na bogi a wurinmu su riƙa tura link ɗin a WhatsApp, tunda adireshina ne a kai ba wanda zai yi zargi. Kafin ka ce kwabo Google Safe Browsing, tsarin Google mai gano shafuka masu haɗari, ya manna mana jan gargaɗin nan a Chrome.

Abin da ya yi aiki sosai shi ne kashe fom. Na sa Content-Security-Policy da form-action 'none', wato umarnin da ke hana burauza tura abin da aka cike a fom, na kuma hana JavaScript, wato lambobin da ke sa shafi aiki, tashi a cikin kwafi, yanzu ko mutum ya rubuta lambar sirrinsa ba inda za ta je, shafin hoto ne kawai. Na raba kwafin zuwa wani adireshi daban, na sa nginx, manhajar sabar tawa, ya taƙaita yawan ajiya daga IP ɗaya, wato lambar da na'ura ke shiga intanet da ita, sannan na nemi bita a Search Console, dandalin Google na masu shafuka, suka cire gargaɗin.

Batun sirri ya fi ciwon kai wallahi. Wani zai ajiye shafi mai lambar waya ko NIN ɗin wani don cin zarafi, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ba wasa ba ce. Yanzu in ƙorafi ya zo ɓoye shafin nake fara yi, bincike daga baya, kuma duk kwafi na ɗauke da noindex don kar Google ya jera shi. Amma in ɗan siyasa ne ke son goge maganarsa, wannan kam maido da shafin nake.