Yadda Mai Koyon Haɗa Kiɗa a Kwamfuta Zai Ɗore

Abin da ya fi karya gwiwar sabon ɗan koyo shi ne kwatanta aikinsa na wata biyu da na waɗanda suka shekara goma a sana'ar. Ka fara da zaɓar manhaja ɗaya, FL Studio ko Ableton Live, ka tsaya a kanta har hannunka ya faɗa. Idan babu kuɗi, akwai wata manhajar haɗa kiɗa mai suna LMMS, kyauta ce. FL Studio na gwaji yana adana aiki, amma ba ya sake buɗe shi sai an saya, don haka ka fitar da kiɗanka a MP3 kafin ka rufe.

Tarkon da ya fi kama mutane, a ganina, shi ne a haɗa ɗan guntun kiɗa mai daɗi na daƙiƙa goma sha biyar, a yi ta maimaita shi har ya gundure mutum, ba a taɓa kammala komai ba. Maganinsa shi ne ka ɗora wani kiɗan da kake so a cikin manhajar, ka sa alama inda ganguna suka shigo, inda suka ɗauke, da inda suka dawo da ƙarfi, sannan ka gina naka a kan wannan tsari har ƙarshe, ko da bai gamsar da kai ba.

Rabin awa kullum ya fi kwana guda ana fama sau ɗaya a mako. Ka riƙa ajiye ayyukanka da kwanan wata, bayan wata uku ka saurari na farkon a lasifikar waya, ka gwada shi da na yau.