Yadda ake sauke tsohuwar a-kori-kura ƙasa ba tare da an lalata ta ba

Matasa a Birnin Kebbi sun fara waiwayar tsofaffin a-kori-kura, irin su Datsun 620 da aka ƙera tsakanin 1972 da 1979, da Fijo 404 da 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. Suna gyara su, su yi masu fenti, sannan su so motar ta ɗan durƙusa don ta yi kyan tsayuwa. Ina son abin. Amma shawarata, kada a wuce inci 2, domin tudun rage gudu da ramukan damina ba sa tausayin ƙasan mota. Wanda kuma har yanzu yake ɗauko albasa daga Aliero da motarsa, ya bar ta yadda take.

Da farko ka ajiye motar a kan daɓe mai daidai, tayoyi da iska iri ɗaya. Ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin modigad, ka rubuta a takarda.

Sai baya. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga inda aksil yake zaune. In yana bisa sifirin mai falle-falle, kamar na Datsun, to bulon ƙarfe da ake sawa tsakanin aksil da sifirin zai sauke motar. In kuwa sifirin ne a bisa aksil, bulo ƙara mata tsawo zai yi, don haka kada ka kashe kuɗinka a kansa. Ka tare tayoyin gaba da katako, ka ɗaga baya da jak, ka ɗora shasi a kan matokaran ƙarfe. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na minti ɗaya ne.

Ka kwance shokozoba daga ƙasa, ka cire yubol ɗin da suka ɗaure aksil da sifirin. Notunan da suka shekara arba'in suna shan ruwa da ƙura ba sa kwantuwa da daɗi, saboda haka ka jiƙa su da mai su kwana kafin ranar aikin. Ka ɗaga aksil kaɗan, ka zura bulon a tsakani. Nan ne aikin yake: kan kusar tsakiyar sifirin dole ya faɗa ramin da ke ƙasan bulon, ɗan tsinin saman bulon kuma ya shiga ramin mazaunin aksil. In ɗaya bai zauna ba, motar za ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa. Ka sa sababbin yubol masu tsawo, ka ɗaure notunan bi da bi a gicciye, kaɗan-kaɗan. Jelar yubol da ta yi saura a yanke ta, kada ta sauko ƙasa da bakin rim, don ranar da taya ta yi faci ita ce za ta fara cakar kwalta.

A gaba, Datsun na da sandar ƙarfe mai murɗuwa, wadda makanikai ke kira toshan ba. Ka ɗaga gaban don nauyi ya sauka, ka sassauta notin saitin da ke ƙarshen sandar, kana ƙirga zagaye iri ɗaya dama da hagu. Ka sauke motar, ka gangara da ita gaba da baya, ka sake awo. Fijo kuwa sifirin mai naɗi gare ta a gaba, sai dai a nemo gajere a musanya.

Kada ka bari a gasa sifirin da wutar walda. An taɓa yi wa Fijon mahaifina haka, mai waldar yana cewa, "Baba, yanzu za ta zauna." Ta zauna kuwa, amma cikin wata biyu ɓangaren direba ya lotsa, ƙarfen ya mutu, a hanyar Jega ya karye mana. Har yau abin na yi mini ciwo.

Da ka gama, ka kai ta a yi alaimen, a saita fitilun gaba. Ka duba tazarar da ta rage tsakanin aksil da robar da ke tare shi. In ta yi kaɗan, a rage tsawon robar, a sa gajeren shokozoba. In ka ji farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, na kaɗawa a kan gudu, kusurwarta ce ta canza, ɗan siririn ƙarfe mai gangare a ƙarƙashin aksil ke gyara ta. Bayan tafiyar kamar zuwa Argungu da dawowa, ka sake ɗaure notunan yubol, za ka tarar sun ɗan saki.